TSAKANINA DA KAFINTA: DARASIN DA NA KOYA A GININ GIDANA

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, ma'aikacin gwamnati ɗan asalin Maƙarfi, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti ashirin in yi magana a kan duk abin da nake ganin zai amfani 'yan'uwa, na san wasu za su zaci zan tsaya a kan aikin ofis ko batun fansho. To, a yi mini afuwa, yau maganar katako na zo da ita. Dalili kuwa shi ne, yawancin 'yan ajinmu da na kusa da mu yanzu ne suke fama da gini. Wani yana kan harsashi, wani ya kai linta, wani ya yi rufi yana jiran albashi ya shigo ya sa ƙofa. Kowa zai iso inda na iso, wato ranar da zai tsaya gaban kafinta ya ce ina son kabad na kicin da wadirof na ɗaki. A wannan gaɓar ni na yi asarar kuɗin da ya kai albashina na wata uku, kuma da na zauna na yi wa kaina hisabi sai na tarar mafi yawan laifin nawa ne. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na fara ginina a Maƙarfi cikin 2017, a wani fili da na gada, da kuɗin adashe da ɗan rancen ƙungiyar ma'aikata. Sai a farkon daminar 2022 na samu na yi rufi. Da aka gama filasta cikin watan Agusta, zumuɗi ya kama ni, ina son mu tare kafin ƙarshen shekara. Na shiga kasuwar katako ta Sabon Garin Zariya ni kaɗai, na zaɓi falankai masu kyan gani da aka sauke daga mota a makon, na yi ciniki har ina yaba wa kaina cewa na tsere wa la'adar kafinta. Daga nan na samu wani yaro mai shago a bakin titi, na nuna masa hoton wani kicin na ƙasar waje a wayata, na ce irin wannan nake so cikin mako uku. Da ya ɗaga falanki ɗaya ya ji nauyinsa sai ya ce, "Yallaɓai, katakon nan da sauransa." Na ce masa ni ba lacca na zo saurara ba, in ba zai iya ba in kai wa wani. Ya yi shiru, ya karɓi kafin alƙalami, ya yi aiki yadda na ce.

Ranar da aka kafa kayan, kowa ya gani sai ya yaba. Amma da hunturu ya kankama cikin Janairun 2023, sai muka fara jin ƙara da dare kamar ana karya kara. Ƙofofin kabad suka kantare suka ƙi rufuwa, fuskar wadirof ta tsage har ana hango tufafi ta ciki, durowa biyu suka zube daga mazauninsu. Bayan kabad kuwa, inda ya jingina da bangon da bai gama shan iska ba, ya yi baƙi da fumfuna. Maiɗakina ba ta ce mini komai ba, ta dai kwashe tukwanenta ta mayar cikin kwalaye, wanda a wurina ya fi faɗa ciwo.

Na tashi da niyyar in kai yaron ƙara wurin shugaban kafintoci. Wani ƙanen mahaifina ya ce kafin in je in fara biyawa ta Hunƙuyi, akwai wani kafinta da ake yabon aikinsa, ya zo ya duba ɓarnar ya zama shaida. Ina shiga shagon sai na ga ashe ɗan ajinmu ne, wanda muka zauna benci ɗaya har aji uku, daga nan mahaifinsa ya rasu ya bar karatu ya tafi koyon sana'a a Zariya. Kusan shekara goma sha takwas rabona da shi, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa cigiyarsa ba. Ya zo ya duba kayan, ya ƙwanƙwasa nan ya shafa can, sannan ya tambaye ni wa ya sayo katakon, a wane wata, kuma kwana nawa tsakanin filasta da kafa kaya. Da na ba shi amsa sai ya yi dariya ya ce, "Abokina, in ka kai ƙara kai za a kama. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ce a yi kabad da shi ba."

Abin da ya bayyana mini a ranar shi ne darasi na farko, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi. Katako yana shan ruwa daga iska, yana kuma amayar da shi. Yawancin katakon da muke saye, irin su afara da obece da loko, daga dazuzzukan kudu yake zuwa, wajen Edo da Ondo da Delta, inda iska take da laima kusan duk shekara. A nan ƙasar Zazzau kuwa, laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, sannan ta faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Katakon da ya dace da kayan ɗaki shi ne wanda ruwan jikinsa ya sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Idan aka haɗa shi yana jiƙe, zai bushe ne a jikin kabad ɗin, kuma da yake katako ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan bai canzawa, sai ƙusa da gam su riƙe shi ta wani gefe shi kuma yana ja ta wani, ƙarshenta ya tsage ko ya kantare. Maganin abin shi ne a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, a ɗora nauyi a sama, a bar shi ya ga hunturu ɗaya. Kafinta na gari yana gane ɗanyen katako ta nauyinsa, da sanyin da yake yi a tafin hannu, da yadda garinsa ke manne wa zarto. Yaron nan na farko ya gane, ya kuma faɗa mini, ni ne na toshe kunnena saboda ina ganin mai digiri ba ya ɗaukar karatu a wurin mai guduma.

Abokin nan nawa ya yarda zai sake aikin, amma da sharuɗɗa. Na farko, tare za mu je kasuwa. A can ne na fahimci cewa ba kowane katako ne ya dace da kowane wuri ba. Maɗaci da loko da kawo suna da ƙarfi, gara ba ta cika samun sa'arsu ba, don haka su ake so a firam da ƙafafu. Obece ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki da araha, amma abincin ƙwari ne in ba a shafa masa magani ba. Malaina, wadda ake shukawa a gandun daji, tana yin aikin ciki in ta bushe sosai. Na tambayi maɗobiya, domin na tuna wata tsohuwar kujera ta kakana da har yau ba ta girgiza, sai masu katako suka ce mai kyanta ta yi wuya. Dalili kuwa sananne ne: a shekarun da suka biyo bayan 2010 an yi ta sare ta a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 taron ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ya sa ta cikin jerin waɗanda ba a fitar da su sai da izini na musamman. Wannan ya kamata ya zame mana abin tunani, mu da muke ganin yadda ɗorawa da kaɗanya suke raguwa a gonakinmu.

Jikin kabad kuwa yanzu da filawud ake yi ko da allon garin katako da aka matse da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Kowannensu yana zuwa ne ƙafa 4 a ƙafa 8. Filawud mai kaurin rubu'i uku na inci, wato milimita 18, shi ne na jiki da kanta, sirara kuma na baya. Allon garin katako yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, ba ya tsagewa da hunturu, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Saboda haka bai yarda ya sa shi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba. Ya kuma sa na kira birkila ya yi dandamalin siminti mai tsawon inci 4 a ƙasan duk inda kabad zai zauna, don kada ruwan mofa ya riƙa lasar katako, kuma don a iya ganin hanyar gara tun kafin ta hau. Wanda duk ya yi gini a tsohuwar gonar rake ko dawa, kamar yadda yawancin sababbin unguwanninmu suke, ya san gara ce ta riga shi zama a filin.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi ba ni kunya. Ya ce ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya ji ta bakin mai kicin. Ya ce, "Kai sau nawa kake shiga kicin a mako?" Na rasa amsa. Muka zauna a zaure, uwargida tana daga ciki, ƙanwata tana kai saƙo tana kawowa, wani abin kuma ta fito da shi a auna. A nan na ji abubuwan da hoton wayata bai sani ba. Babbar tukunyar da ake dafa abincin suna da na Sallah ba ta shiga kabad ɗin da na sa aka yi. Turmi da taɓarya suna bukatar kusurwarsu. Buhun masara da na shinkafa ba a kabad ake ajiye su ba, sito suke so, a kan katakon da ya ɗaga su daga ƙasa. Tuƙin tuwo ba ya yiwuwa a kan teburi mai tsawo, don haka tana son wuri ɗaya mai ƙasa-ƙasa inda za ta zauna a kujera. Tsayin teburin kicin da aka saba shi ne ƙafa 3, wajen santimita 90, amma da aka gwada da tsayinta sai aka rage inci 2. Kwanukan jerenta na aure, waɗanda mahaifiyarta ta tara shekara da shekaru, su ma aka ware musu kabad mai gilashi a ɗakinta. Batun tukunyar gas kuwa, ya ce kada a kulle ta cikin kabad marar iska, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. Muka huda bango aka yi mata ɗan keji a waje.

Bayan wannan sai awo. Ya ƙi amincewa da awon da ke cikin zanen gini, ya ce takarda ba ta san hannun birkila ba. Ya jira aka gama tayil, mai waya da mai famfo suka gama nasu, sannan ya auna kowane bango a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama. A bango ɗaya an samu bambancin inci ɗaya da rabi tsakanin sama da ƙasa. Ya kuma nuna mini wata dabara ta tattali: in zurfin kabad da wadirof ya tsaya a kusan ƙafa 2, allo ɗaya zai rabu biyu ba tare da asara ba, amma in na nace sai inci 27, kowane allo zai bar guntun da ba shi da amfani, kuma ni zan biya kuɗinsa. Kanta kuma in ta wuce ƙafa 3 babu abin tallafi a tsakiya, nauyin kwanuka zai sa ta yi ciki. Na tuna a aji biyu an koya mana zanen fasaha, ni na ci jarrabawar na manta, shi kuwa da shi yake ci da iyalinsa.

Sharaɗi na uku shi ne rubutu. Mu ma'aikata a ofis ba ma sakin ko fensir sai da takarda, amma in mun zo aikin gidanmu na dubban ɗaruruwa sai mu ce ai yarda ce. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Irin wannan ciniki na a ƙera maka abin da babu shi tukuna, malaman fiƙihu suna kiransa istisna'i, kuma sun shar'anta a bayyana nau'in abin da siffarsa da yawansa da kuɗinsa da lokacin gamawa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta amince a biya kuɗinsa kashi-kashi. Muka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya zana kowane kabad da awonsa, muka rubuta irin katako, da kaurin filawud, da irin hinji da makulli da marikin ƙofa, da wanda zai biya kuɗin mota. Muka raba kuɗin kaya daban, jingar aiki daban. Jingar kuma kashi uku: ɗaya a farko, ɗaya in an haɗa a shago na je na gani, na ƙarshe bayan an kafa an zauna da kayan wata guda. Ƙanen mahaifina da wani maƙwabcin shagonsa suka sa hannu.

Amfanin littafin nan ya fito ba da jimawa ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Hinji da gam da allo da fenti, yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuɗinsu ya tashi. Da a baki muka yi magana, da nan zumunci ya ɓaci, ni in ce ya cuce ni, shi ya ce na danne masa haƙƙi. Amma da yake an rubuta, sai muka buɗe littafi muka ga katako da allo mun riga mun saya tun kafin tashin, saura ƙarafa da fenti. Na ɗauki ƙarin kuɗin waɗannan tunda kayana ne. Jingarsa kuwa bai nemi ƙari ba, amma da na ga yadda kuɗin mota da na abincin yaransa ya ninka, na ƙara masa wani abu don kaina.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na saɓa. Kashi na biyu ya zo daidai da lokacin da albashi ya yi jinkiri, na riƙa kauce wa wayarsa har kwana goma. Da muka haɗu ya ce mini, "Da ka faɗa mini babu, da na san yadda zan yi da yara. Shirun ne ya fi ba ni wahala." Ya ce abin da mutane ba su sani ba shi ne, yawancin kafintocin da ake kira maƙaryata, da kuɗin sabon aiki suke ƙarasa tsohon aikin da mai shi ya ƙi cika musu, haka abin yake ta zagayawa har ya faɗo kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ban ce babu macuta a cikinsu ba, akwai su kamar yadda suke a ofisoshinmu. Amma kafin mu zagi mai sana'a, mu duba ko akwai cikon wani a aljihunmu.

An kafa kayan cikin Fabrairun 2024, a tsakiyar rani, sun ga damina sun ga hunturu, har yau ƙofa ɗaya ce kawai ta bukaci a ɗaure mata hinji, ya kuma aiko yaro ya gyara bai karɓi ko kwabo ba. Shi kuwa yaron farko, na koma shagonsa na ba shi haƙuri a kan maganar da na yaɓa masa.

'Yan'uwa, sana'ar itace ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin zuwan zarto da ƙusa muna da masassaƙa masu yin turmi da akushi da allo da ƙotar fartanya da gizagonsu. A addini ma, ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, kuma mumbarin Manzon Allah mai matakala uku wani kafinta ne a Madina ya yi shi bisa buƙatar da aka kai masa. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an yi shi ne don yaro ya fita aji uku da abin yi a hannunsa, amma duk mun san yadda ɗakunan koyon sana'a suka ƙare a makarantu da yawa, har da tamu.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, mu nemo 'yan'uwanmu da suka bar makaranta a aji uku ko suka gama ba su ci gaba ba, suka zama kafintoci da birkiloli da masu walda da teloli a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi da Kudan, mu rubuta sunayensu a rajistarmu, mu riƙa aika musu da takardar gayyata kamar kowa. Abokin da na ba ku labarinsa ya ce mini bai taɓa zuwa taron nan ba domin ya ɗauka na masu digiri ne. Yau na matsa masa ya zo, yana zaune a cikinku, ya kuma hana ni faɗin sunansa. Na biyu, cikin kuɗin da muke tarawa duk shekara, mu ware wani abu mu gyara ɗakin koyon sana'a na makarantar nan, mu sayi zarto da guduma da tef da teburan aiki, mu roƙi waɗannan 'yan'uwa namu su riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako suna nuna wa ƙannenmu. Kujerun azuzuwan da muke ba da kwangilarsu a waje ma, a nan za a riƙa gyara su.

Mai girma shugaba, na ga sakatare yana duban agogo. Ina roƙon gafarar duk wanda maganata ta ɓata wa rai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Ya ba masu gini ikon gamawa, Ya sa albarka a sana'ar kowa.